Taurin Sitiyari a Hanyar Dapango

Tashi daga Sokode

Mun bar Zangon Sokode tun kafin kiran assalatu, mu uku: ni, da mahaifina Malam Idi, da maigidana Alhaji, wanda shi ne mai motar kuma shi ne direba. Zamanin mulkin soja ne, tsakiyar bazara. Ana gobe za mu tashi, da magariba, wani direban motar shanu ya kawo saƙo daga Dapango cewa Baffa Sule, wan Baba uwa ɗaya uba ɗaya, ya daina cin abinci, harshensa ma ya fara nauyi.

Ba dubiya kaɗai ta tayar da mu ba. Tun suna samari, ranar da mahaifinsu ya rasu a baƙon gari baƙi suka yi masa wanka, su biyun suka yi wa juna alkawari: duk wanda ya riga tafiya, ɗan'uwan ne zai wanke shi da hannunsa. Baffa ya kama fataucin shanu a arewa, Baba ya zauna yana karantarwa a Sokode, amma ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tuna wa juna ba. Baffa ma wasa ya mayar da abin. "Idi, kada ka sa mini ruwan sanyi fa," in ji shi, "ka san ni da mura." To yanzu wasa ya ƙare. A wannan zafin ba a ajiye gawa, dole mu isa Dapango kafin a shigar da ruwa ɗakin.

Motar kuwa, sai na ɗan yi bayaninta. Alhaji ya sayo ta ne a Lome hannun wani Bature mai komawa gida. Duk motocin Zango sai an sa ƙarfi ake juya su, ita kuwa sitiyarinta da mai yake aiki, da yatsa ɗaya ake murza shi. Babu wanda bai nuna wa wannan yatsan ba, har mai tallan koko. Da mota tana cin tuwo, na tabbata ita za a fara zuba wa kafin ni. Ya hana kowa buɗe bonet ɗinta. Lokacin da ya kawo ta, Baba ya so ya zuba mata rubutu a lagireto, kamar yadda yake yi wa motocin shanun ɗalibansa don tsari, Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai addu'arku ma ta isa." Baba bai sake tayar da maganar ba.

A asubahin nan, Alhaji yana bayan gida yana alwala, Baba ya yafito ni. Kwalba ce a hannunsa, rubutun da ya wanke wa Baffa.

"'Yar nan, kin iya buɗe gaban motar nan?"

Na sha ganin inda Alhaji yake ja, na ja, ta buɗe. Na riƙe masa fitila. Ya kama wani murfi ya murɗa, ya ƙi, ba shi da ƙarfin da. Sai ya laluba gefe ya sami wani ƙarami wanda ya buɗu ba gardama. Ya yi bismilla ya zuba kusan rabi, ya rufe.

"Duwatsun Alejo nake ji wa mijinki," ya ce. "Sauran na Yaya ne."

Ni dai na ɗauka wurin ruwa muka zuba wa ruwa. Na rufe bonet, na ma ji daɗi a raina.

Alejo da Bafilo

Mun yi sallah a shingen jandarma, 'yan sandan hanya, na bakin gari, yayin da suke juya katinanmu a hasken tocila. Ganin rawanin Baba, babbansu ya ce mu wuce. Baba yana gaba kusa da Alhaji, ni ina baya da kwandon guzuri. Surukai ne, ba hira tsakaninsu, sai ƙarar carbi.

Gari yana wayewa muka fara hawan Alejo, inda hanya take ratsa tsakiyar dutsen da aka tsaga. A kwanar farko motar ta yi wani siririn kuka, kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya. A ta biyu na ga Alhaji ya ɗora ɗaya hannun a kan sitiyari. Mutumin da ya shekara yana tuƙi da yatsa! Na lura ƙeyarsa ta fara gumi alhali da sauran sanyin safiya.

A Bafilo ya tsaya wurin mai faci. Alhaji ya ce idan iskar tayoyin gaba ta ragu, sitiyari yakan yi nauyi. Aka gwada, ta hagu ta ɗan yi laushi, aka buga mata iska. Alhaji ya cire babbar riga ya leƙa ƙarƙashin motar ko mai yana ɗiga, ƙasa a bushe. Na sayi ƙosai da koko a wurin wata 'yar ƙabilar Kotokoli, Baba ya kurɓa sau biyu ya miƙo mini kofin.

"Taya ce, Baba," in ji Alhaji. "An gama."

"Madalla."

Ba mu kai ga fita gari ba kukan ya dawo.

Kara

Da hantsi muka ƙetare gadar Kara. Nan sojoji suka fi yawa, an sauke mu sau biyu, an zazzage jakar Baba har da likkafanin da ya ɗinka da kansa ya taho da shi. Sojan ya ga farin ƙyalle, ya gane, ya mayar a hankali.

Aka nuna mana wani makaniki ɗan ƙabilar Kabiye a bayan kasuwa. Ya danna bel ɗin da yake juya famfon sitiyari da babban yatsa, ya ga ya lotsa.

"Alaji, wannan ne. Ya saki. In bel ya saki, pompi ba ya juya da kyau, direksiyon ya yi nauyi." Direksiyon suke ce wa sitiyari a can. Yana ɗaure bel ɗin ya tambaya, "Mai fa? Ka duba shi?"

"Jiya na cika shi da hannuna," in ji Alhaji a gajarce. "Leƙa ƙasa ka gani, ko ɗigo babu. Yi sauri, marar lafiya muke bi."

Makanikin ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da aikinsa. Ina jin su daga inda nake zaune, amma maganar mai suke yi, mu kuwa ruwa muka zuba, ko kaɗan zuciyata ba ta haɗa biyun ba. Sitiyarin ya ɗan sassauta, muka kama hanya.

Defale da gandun daji

Gangaren Defale ba zan manta da shi ba har in mutu. Hanya ce mai nannaɗewa, dutse a dama, rami a hagu. Rana ta ɗaga, injin ya yi zafi, sitiyarin ya koma yana kamawa yana saki. Wani lokaci ya juya sumul, wani lokaci ya ƙage a tsakiyar kwana. A wata kwana muka yi kiciɓis da motar auduga tana hawowa. Na ga jijiyoyin wuyan Alhaji sun miƙe, ya tashi daga kujera ya kwanta a kan sitiyarin da ƙirjinsa, yana faɗin innalillahi. Da ƙyar muka wuce ta, har na ga fararen idanun direbanta.

Da muka sauka fili Alhaji ya tsaya a gefen hanya. Baba ya dube shi, ya dubi ramin da muka baro, ya ce a hankali, "Allah ya tsare. Tsari ya yi aiki." Alhaji bai fahimci abin da yake nufi ba, ya ce amin.

A Kante ba mu sami wanda ya san irin motar ba. Daga nan sai gandun daji, inda a wancan zamanin doka ta hana tsayawa ta kuma hana gudu. Masu gadi suka ɗaga mana sanda muka shiga. Hanya miƙaƙƙiya ce, shi ya cece mu, amma kukan ya zama ihu, kuma warin ƙonannen roba ya fara shigowa. Ga birai a gefen hanya, ga gada, ba wanda ya kalle su. Baba sai duban inuwar itatuwa yake yi yadda take gajarta. Sau ɗaya ya yi magana a duk dajin. Ya ce, "Yaya ba ya son jira, tun yana yaro."

Mango

An yi azahar muka shiga Mango, hayaƙi yana fita ta gefen bonet. Mutanen Zangon garin suka raka mu wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Cakosi mai suna Bawa, wanda garejinsa inuwar dogonyaro ce kawai da tarin ƙarafa. Alhaji ya fara jero masa abin da aka yi, taya, bel, ya ce a ƙara ɗaure bel ɗin mu wuce.

"Alaji, zauna tukuna," in ji Bawa. "Mota ba ya ƙarya. Bari shi faɗi da bakinshi."

Ya sa jak ya ɗaga gaban motar, injin a kashe, ya juya sitiyari dama da hagu. Ya tafi lafiya lau. Ya girgiza tayoyin, ya ce gaɓoɓin ƙasa ba abin da ya same su. Ya sauke ta ya tayar da injin, ya murza kaɗan, ihun ya tashi. Ya kashe. Sai ya miƙa hannu ya kama wani ɗan ƙaramin murfi a gefe, ya buɗu ba gardama.

Nan take na gane murfin.

Kumfa ta taso har baki. Bawa ya tsoma yatsa ya ɗago.

"Man nan ja ya kamata shi zama. Duba, ya koma kamar kunun gyaɗa. Wani ya sa ruwa a ciki. Ruwa da mai sun kaɗu, pompi yana shan kumfa, shi ya sa ba ƙarfi. In kun ƙara tafiya pompi zai kama, bel ya tsinke, inji ya ƙone."

Na san fushin Alhaji, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Tsoron Defale ne da gajiya suka taru suka fito ta bakinsa. Ya ce ya san za a rina, tun da ya sayi motar nan 'yan baƙin cikin Zango suka sa masa ido. Ya ce wane jahili, wane marar imani ne zai zuba wa sitiyari ruwa, ya nemi ran mutum uku, ya hana dattijo ganin ɗan'uwansa. Ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Ko wane ne, Allah ya i..."

"Kada ka ƙarasa, Alhaji."

Baba ne. Ya sauko daga motar yana dogara sanda, kwalbar a ɗaya hannun.

"Ni ne. Rubutu na zuba maka da asuba. Na ɗauka wurin ruwa ne."

Alhaji ya tsaya da yatsansa a sama kamar an dasa shi. Sai ya tuɓe takalmansa a cikin wannan baƙin mai da ƙasa, ya durƙusa a gaban Baba, kansa a ƙasa. Yana ta cewa, "Baba. Baba." Ni kuma na ja mayafi na rufe fuska, kunya da tausayi suka hana ni kallon kowannensu.

"Tashi," in ji Baba. "Ba ka faɗi ƙarya ba. Jahilci ne."

Bawa mutum ne mai hankali, ya yi kamar bai ji ba. Ya ce sai an tsiyaye man duka an wanke hanyoyinsa da sabo, jan man kuwa ba a sayar da shi a kasuwar Mango, sai dai ya je wurin masu taraktocin shinkafa a bakin kogi ya roƙo. Ya hau kekensa ya tafi. Alhaji ya ruga tasha ko zai sa Baba a wata motar ya yi gaba. Ta Dapango ta riga ta tashi, mai bi mata mutum biyu ne a ciki, direban ma ya tafi cin abinci. Ya nemi shata, babu. Ya dawo a jiƙe sharkaf da gumi.

Haka muka zauna. Matar Bawa ta kawo mana fura, ba wanda ya taɓa. Baba ya shimfiɗa buzunsa ya fuskanci gabas, jakar likkafanin a kan cinyarsa. Ban taɓa ganin mahaifina ya yi ƙanƙanta a idona ba sai ranar, kuma ban taɓa son sa kamar ranar ba.

Da Bawa ya dawo ya kwance tiyo ya tara gwangwani, farin man ya tsiyaye a ciki. Ya ɗauka zai watsa a kwata. Baba ya ɗago kai, amma bai hana shi ba, yana ganin ba shi da sauran bakin hana wani abu a kan motar nan. Alhaji ne ya riƙe hannun Bawa.

"Dakata. Akwai ayoyi a ciki."

Ya karɓi gwangwanin, da na wankin farko da na biyu, ya juye su a galan, ya toshe bakin da tsumma, ya sa a but ɗin motar da kansa. Bayan la'asar muka tashi. Sitiyarin ya koma kamar da, ba kuka ba nauyi.

Dapango

Hanyar Mango zuwa Dapango shimfiɗaɗɗiya ce, Alhaji ya taka motar iyakar ƙarfinta. Rana ta yi ja muka shiga Zango. Tun daga bakin layi muka hango maza suna tahowa a jere daga yamma, wasu da fartanya a kafaɗa, ƙafafunsu da jar ƙasa. Gaba gare su ana ɗauke da makara, ba kowa a ciki.

Baba ya ce, "Tsaya nan." Ya karanta innalillahi sau uku, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Ni ce na fashe da kuka.

A cikin gida Inna Larai, matar Baffa, ta ba ni labari. Da hantsi Baffa ya cika, lokacin muna Kara ana ɗaure bel. Ita kuwa ta san alkawarin, sai ta ɗauki tabarma ta zauna a ƙofar ɗakin ta ce ba mai shiga da ruwa sai Idi ya zo. Aka yi azahar tana nan. Liman ya aiko, ta ce a ƙara jira. Sai da aka kira la'asar, zafi ya yi yawa, liman ya zo da kansa ya ce mata haƙƙin mamaci ne a gaggauta, sannan ta janye tabarmar. "Na riƙe wa Idi iya riƙona," in ji ta. "Me ya tsayar da ku?" Na ce mota ce kawai.

Alhaji ya raka Baba maƙabarta kafin duhu. Shi ya gaya mini daga baya cewa Baba ya yayyafa sauran rubutun a kan kabarin, ya daɗe a tsugune. Shi kuma ya ari fartanya ya haƙa rami a gindin wata ɗorawa, nesa da inda ƙafa take bi, ya juye galan ɗin ya rufe.

Washegari a zaman gaisuwa, ina daga bayan zana ina jin maza. Wani tsohon abokin fataucin Baffa ya ce, "Malam Idi, kowa ya san maganarku da marigayi. Yaya aka yi haka?" Na ji Baba ya gyara murya. Na san shi, gaskiya zai faɗa a gaban jama'a, ya bar ta tana bin sa har ƙarshen ransa. Kafin ya furta, Alhaji ya riga shi.

"Motata ce. Sitiyarinta ya yi tauri tun daga Alejo, muka yini wurin makanikai."

Aka yi ta salati. Wani ya ce ai motocin Turawan nan kyan gani ne kawai, da motar shanu suka hau da tuni sun iso. Wani ya ce an cuci Alhaji a Lome. Mutumin da ba ya yarda ƙuda ya sauka a kan motar nan ya zauna yana cewa, "Haka ne, haka ne." Labarin ya riga mu isa Sokode, kuma bai taɓa gyara wa kowa shi ba.

Komawa gida

Bayan sadakar uku muka juyo. Mun tsaya a Mango mun gai da Bawa, muka ratsa daji, muka hau Defale muka sauka Alejo lafiya. Sitiyarin garau yake, amma da hannu biyu Alhaji ya riƙe shi har gida, ban kuma sake ganin wasan yatsan nan ba.

Da yamma muka tsaya a ƙofar gidansa. Alhaji ya zagayo ya buɗe masa, ya durƙusa zai yi sallama. Baba bai sauko ba. Ya ɗauki jakar likkafanin da ta je Dapango ta dawo a naɗe, ya ɗora a hannun Alhaji.

"Ni yanzu ba ni da mai wanke ni," ya ce. "Na san da nauyi tsakanin mutum da surukinsa, amma kai nake so. Ka ajiye wannan."

"Baba, Allah ya ja da rai."

"Amin. Ka dai karɓa." Ya sauko, ya kai ƙofar zaure, sannan ya waiwayo. "Kuma kada ka sa mini ruwan sanyi."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa Bawa na Mango da matarsa, da Inna Larai da ta yini a ƙofar ɗaki saboda mu. Allah ya jiƙan Baffa Sule. Daga wannan tafiyar, ko ciwon kai Baba ya yi, Alhaji ba ya kwana a wani gari, ya sha barin ciniki ya wuce shi saboda haka. Baba ya ƙara shekaru masu dama. Ranar da ajalinsa ya zo, Alhaji yana gida. Ni na ɗora ruwan a wuta, shi kuma ya taɓa da bayan hannunsa, ya ce in ƙara masa ɗumi kaɗan.